Keke Ma Abin Hawa Ne: Nasiha Kan Haƙƙin Hanya



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana ababen hawa, ya shimfiɗa mana hanyoyi a bayan ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na yau a kan keke ne. Na san wani zai yi mamaki, ya ce a zauren da muka saba karanta hukuncin alwala da zakka da gado, me ya kawo maganar keke? Ga abin da ya kawo ta.

Kwanakin baya, mun idar da sallar magariba jama'a na fitowa, sai wani yaro da bai wuce shekara 12 ba ya gangaro daga wajen gudron a kan keken mahaifinsa. An aike shi sayen gawayi, ya ɗaure buhun a baya. Keken ba shi da birki, da tafin takalminsa yake tsayar da shi, ba shi kuma da fitila ko ƙararrawa. Wani dattijo daga cikin masu sahun farko ya sako ƙafa waje yana laluben takalminsa, yaron ya yi sama da shi. Dattijon ya karye a ƙugu, har yau a kwance yake sallah. Da muka je dubiya, mahaifin yaron yana nan, kuma mutumin kirki ne, ya ba da haƙuri, ya zubar da hawaye. Sannan ya faɗi kalmar da muke faɗa duka: ƙaddara ce.

Wannan kalma gaskiya ce. Babu abin da ke aukuwa a mulkin Allah sai da ƙaddarawarsa. Amma na dawo gida ina tunanin yadda muka mayar da ita mayafin rufe sakacinmu, har na ga wajibi ne in yi wannan rubutu. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne: keke abin hawa ne a idon shari'a, mai hawansa yana ɗauke da alhakin abin da ya taka, kuma kiyaye dokokin hanya yana cikin addini.

Abin da malamanmu suka faɗa

Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. A babin jini da haddodi, malam ya bayyana cewa mai kora dabba daga baya, da mai jan ta daga gaba, da wanda ke kanta, dukkansu suna lamunin abin da ta taka. Ku lura, dabba tana da rai, tana da nata nufi, takan firgita, takan yi tutsu. Duk da haka aka ɗora alhakin a kan mutumin da ke sarrafa ta. To ina ga keke, wanda ba ya motsi sai an taka shi, ba ya karkata sai an karkata shi? Idan mai jaki bai kuɓuta da cewa jakin ne ya taka ba, mai keke ya fi nisa da kuɓuta.

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo labarin wani mutum da ya sukwani doki a zamanin Sayyidina Umar, dokin ya taka yatsan wani, jini ya yi ta zuba har mutumin ya rasu. Maganar ta kai gaban Halifa, aka yi shari'a, aka yi zancen diyya. Malamai suna da bayani kan yadda aka yanke wannan hukunci, amma abin lura a gare mu shi ne, yatsa ɗaya aka taka, kuma ba wanda ya rufe maganar da cewa ƙaddara ce, alhali su ne suka fi mu imani da ƙaddara.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i, ya yi hukuncin wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalan mamacin sai in sun yafe, da kaffarar ƴanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Diyyar rai a mazhabarmu raƙuma 100 ce, ko dinari 1000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Wannan fa hukuncin wanda bai yi nufin kisa ba ne. Yanke hukunci tsakanin mutane aikin hukuma ne da alƙalai, ba na kowa ba, amma nauyin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa yana nan ko jandarma bai zo ba, ko an sasanta a zauren mai gari.

Ƙuruciya ma ba ta zubar da haƙƙin wanda aka cuta. Risala ta nuna cewa ɓarnar yaro a jikin mutum ana ɗaukarta a matsayin kuskure, diyyarta tana kan danginsa idan ta kai sulusi, in ba ta kai ba a cikin dukiyarsa. Yaro ba shi da zunubi tun da bai balaga ba. To wa za a tambaya ranar ƙiyama? Wanda ya miƙa masa keke marar birki, ya aike shi cikin duhu. Hadisin Ibn Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Dokar hanya da biyayya ga hukuma

Wasu suna cewa dokokin hanya na Nasara ne, ba su cikin Alƙur'ani ko hadisi. Amsa ita ce, shari'a ta zo da kare rai da dukiya, ta kuma bar wa shugabanni tsara abin da zai tabbatar da hakan a kowane zamani. Aya ta 59 cikin Suratun Nisa'i ta umurce mu da biyayya ga majiɓinta al'amari, kuma malamai sun yi bayani cewa hakan yana cikin abin da ba saɓon Allah ba. Wane saɓo ne a cikin a ce maka ka bi hannun dama, ka sa fitila da dare? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a ƙasar Brunei a shekarar 1993, ta duba mas'alar haɗarin hanya, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin maslahar jama'a suke tsarewa. Ga kuma ƙa'idar da Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wadda ta hana cuta da cutarwa, ita kaɗai ta isa hujja.

Dokar ba ta manta da keke ba, mu ne muka ɗauka ta masu mota ce kaɗai. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasarmu Nijar take cikinta, ta ambaci keke da sunansa: ya kasance da birki mai ci, da ƙararrawa da ake ji daga nesa, da jan madubin baya mai mayar da haske, da abin nuna farin haske ko rawaya a gaba da ja a baya. Kowa ya dubi keken da ke jingine a zaurensa, ya ƙirga nawa yake da su cikin waɗannan.

Abin da ya sa garuruwanmu suka fi shiga haɗari

Mu mutanen garuruwan da ke gefen birni muna tsakanin hali biyu. Muna zaune zaman ƙauye, yara na wasa a ƙofar gida, awaki na yawo, tsofaffi na shimfiɗa tabarma a inuwa. Amma hanyar da ta ratsa mu ta birni ce. Babbar hanyar ƙasa da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram da Difa, da rassanta masu zuwa Tawa da kan iyaka, manyan motoci ne ke bin su dare da rana. Mai kai kayan lambu daga Jiratawa zuwa Maraɗi, da ɗan makarantar da ke tasowa daga Tibiri, da mai zuwa Damagaram daga wajen Mirya, duk gudron ɗaya suke rabawa da tirela da motar haya da kabu-kabu da amalanken shanu.

Ku yi wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gan ka, ya gane mutum ne, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ta wuce, motar kuma ba nan take za ta tsaya ba, balle mai kaya. Idan kana kan keke marar haske, sanye da tufafi masu duhu, ga hazon hunturu, ga fitilar wata motar ta haske masa ido, yaushe zai gan ka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan shekarun ƴaƴanmu ne da almajiranmu.

Abin da ya wajaba a kan mai keke

Na farko, birki. Wanda ya hau keken da ya san ba ya tsayawa ya shiga cikin mutane, ya yi sakaci tun kafin ya fita gida. Robar birki da wayarsa ba su kai kuɗin jinyar kwana ɗaya ba. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Gyaran birki shi ne ɗaure raƙuma a yau.

Na biyu, haske. Lokutan da suka fi haɗari su ne na sallolinmu uku: asuba, magariba da isha'i. Wanda ba shi da fitilar keke ya ɗaura ƴar cocila a gaba, ya sa jan madubi a baya, ya sa tufafi masu haske. Amfanin fitilar ya fi ƙarfi wajen a gan ka, don haka kada ka ce ai ka san hanya ko ido rufe.

Na uku, hannunka. A ƙasarmu hannun dama ake bi, keke ma haka, yana tafiya inda motoci suka nufa. Masu bin hannun hagu suna cewa gara su ga motar da ke zuwa. Amma direban da zai fito daga lungu ko zai shiga kwana ba ya sa ran wani abu daga wannan ɓangare, kuma idan aka yi karo gaba da gaba, gudunka da nasa ne ke haɗuwa. Idan ku biyu ne ko uku, ku bi bayan juna. Hirar da ake jerawa a kan gudron ta jira a isa gida.

Na huɗu, juyawa da tsallakawa. Kafin ka karkata, waiwaya, ka miƙa hannu wajen da za ka. Juyawa hagu ta fi haɗari domin hannu biyu za ka yanke. Idan hanya ta cika, sauka ka tura keken. Wanda ya fito daga lungun gari zai hau gudron, ya tsaya cak ya duba, don mai babbar hanya ne ke da wucewa.

Na biyar, nisantar manyan motoci. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gefensa ko bayansa, kuma iskar motar kaɗai tana iya kayar da mai keke. Yaran da ke kama bayan mota don ta ja su, duk wanda ya gan su ya tsawata, ko ba ƴaƴansa ba ne. A kuma yi hattara da bakin gudron inda ya zaizaye rairayi ya taru, nan ne taya ke zamewa mutum ya faɗo cikin hanya.

Na shida, kaya da goyo. Jarka mai lita 25 idan ta cika ruwa nauyinta kilo 25 ne, huɗu sun zama kilo 100, kuma birkin da aka yi don mutum ɗaya ba zai riƙe wannan a gangara ba. Mai ɗaukar kara ko itace ko ƙarfen gini a gicciye ya tuna hadisin Abu Musa a Buhari da Muslim, inda aka umurci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Mai goyon ƙaramin yaro ya kula da ƙafafunsa kada su shiga taya. Mai babbar riga ya tattare ta, ɗalibai mata su tattare hijabinsu, don sarƙa ba ta san tufar mutunci ba. Wanda Allah ya hore wa hular kwano ya sa, domin raunin kai ba kamar na hannu ba ne.

Na bakwai, natsuwa. Ba a hawa keke ana latsa waya ko an toshe kunnuwa, ko da karatun Alƙur'ani ake saurare, domin kunne shi ne idon bayan mai keke. Masu sheƙa gudu don kada raka'a ta wuce su, ku sani Manzon Allah (SAW) ya hana a zo wa salla da gudu, ya ce a zo da natsuwa, a sallaci abin da aka riska a cika abin da ya wuce. Ranar saukowa daga Arfa ma, da ya ji ana tsananta wa raƙuma, ya umurci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa gaggawa ba ita ce aikin alheri ba. Hausawa kuma sun ce sauri ya haifi nawa.

Uzurorin da nake ji

Wani zai ce, Malam, talauci ne. Na sani, kuma ban raina halin kowa ba. Keke shi ne motar talaka, da shi yake kai hatsi kasuwa, da shi yake kai marar lafiya gidan likita. Don haka ma ya cancanci a kula da shi. Wanda ya rasa kuɗin birki yau, ya tura keken a cikin mutane har ya samu. Masu hali kuma, ga ƙofar sadaka a buɗe: ka saya wa almajiri ko ɗan maƙwabcinka fitila da robar birki. Kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, kuma keke marar birki abin cutarwa ne mai tafiya.

Wani zai ce ai laifin direbobi ne, su ke gudu. Da yawansu suna da laifi, kuma ina gaya musu su ji tsoron Allah, su rage gudu idan sun shigo gari, su bar wa mai keke fili idan za su wuce shi. Girman mota ba ya ƙara wa mutum haƙƙi a hanya, nauyi yake ƙara masa. Sai dai laifin direba ba ya mayar da ƙafar da aka yanke. Kuma yadda mota take a kanka, haka kake a kan tsoho da makaho da yaron da ke rarrafe. Abin da kake nema daga direba, ka ba wa mai tafiya a ƙasa.

Wani kuma zai ce ba a kama mai keke, jandarma ba ya ko kallonsa. Mumini ba don jandarma yake barin cuta ba. Muna azumi a ɗaki ba mai ganinmu, ba mu sha ruwa. Wanda muke tsoro a can, shi ne ke kallonmu a kan hanya.

Abin da nake roƙon jama'a

Mu fara da ƙofar masallaci. Ranar Juma'a kekuna da babura sukan toshe hanya har mai ɗauke da marar lafiya ya rasa wurin wucewa. Hadisin Abu Sa'id a Buhari da Muslim ya lissafa haƙƙoƙin hanya, kuma kame cuta yana cikinsu. Bai dace mu zo neman lada mu tare wa bayin Allah hanya ba. Kwamitin kowane masallaci ya ware wurin ajiya, ya sa matasa biyu su tsara shi.

Sannan ina kira ga masu gari da masu unguwa da iyaye su zauna su yi yarjejeniya a tsakaninsu, tun da dokar ƙasa ba za ta shiga kowane lungu ba. A amince cewa ana sauka daga keke a cikin kasuwa da ƙofar masallaci da ƙofar makaranta lokacin tashi. A hana tseren kekuna a cikin gari. Kada a aiki ƙaramin yaro kan gudron bayan faɗuwar rana, kuma dama hadisin Jabir ya umurce mu da tsare yara a gida lokacin shigar dare. Kada a ba yaro keken da ƙafarsa ba ta kai ƙasa a kansa. Masu ba da hayar kekuna kada su ba da marar birki, domin suna da kaso a cikin abin da ya biyo baya. Inda gudron ya ratsa gaban makaranta, a kai kuka ga magajin gari da hukumar kiyaye haɗarin hanya a nemi alama da abin rage gudu, kada kowa ya tashi ya gina nasa tudun cikin dare, don wannan ma yakan kayar da mutane.

Malaman allo da na islamiyya, ku ware ɗan lokaci ku koya wa yara wannan tare da addu'ar hawa da ke cikin aya ta 13 da ta 14 na Suratuz Zukhruf. Ku nuna musu cewa addu'ar da kanta tana ƙarewa ne da tuna komawa ga Allah, don mai hawa ya san ransa da na mutane amana ne a hannunsa.

Wanda kuma tsautsayi ya riga ya faɗa masa ya buge wani, kada ya gudu. Ya tsaya, ya taimaka, ya kai shi gidan likita, ya ɗauki nauyin jinya gwargwadon ikonsa, ya nemi yafiya. Mahaifin yaron da na ba ku labarinsa haka ya yi, Allah ya saka masa. Washegari kuma na gan shi wajen mai gyaran keke ana sa masa birki. Ina roƙon kowannenku ya je yau, kada ya jira sai ya je dubiya tukuna.

Allah ya ba dattijonmu lafiya, ya sa kaffara ce. Allah ya tsare mu da ƴaƴanmu a tafiyarmu da zamanmu, ya kiyaye mu daga cutar da wani ko a cuce mu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararsa. Wanda ya karanta ya isar wa wanda ba ya karatu, musamman iyaye mata da ke aiken yara. Allah ne mafi sani.